Injin Iska da Ɗiyar Aliyo

Ku samarin da ke zama bakin rumfata da la'asar kuna jiran wayoyinku su cika, na sha jin abin da kuke faɗi. Wai aikin Shitu ba aiki ba ne: ya kwance murfi, ya hura, ya ɗaure, a miƙa masa kuɗi. Kuma wai tsadar gidan likita duk haɗamar masu farar riga ce. To, yau ba ni da gaggawa, injin da ke gabana sai gobe za a zo ɗauka. Ku gyara zama in ba ku labarin abin da na gani da idona a shekara talatin da wani abu ina gyaran kayan likita tsakanin Madawa, Buza da Keita.

Ban yi lakkol mai nisa ba. Daga aji shida ubana ya kama hannuna ya kai ni kasuwar Madawa, wurin Malam Nomau mai gyaran rediyo. Shekara bakwai na yi aparanti a hannunsa. Shekarar farko ko rediyo ɗaya ban taɓa ba, aikina hura gawayi, don a lokacin ƙarfen da ake narka dalma da shi a wuta ake gasa shi. Malam Nomau mutum ne marar yawan magana. In an kawo masa abu, ba ya buɗewa sai ya kunna ya kara a kunne, ya tambayi mai shi yadda abin ya soma. In ya kwance, kowace kusa sai ya jera ta a faranti bi da bi yadda ya cire ta. Ranar da ya same ni na tara kusoshi a aljihu, bai zage ni ba. Ya dai juye su a ƙasa cikin rairayi ya ce in mayar da kowace raminta. Na wuni ina yi.

Aikin likita na farko da ya shigo hannuna abin awon hawan jini ne, irin mai roba da ake ɗaura wa mutum a damtse a matsa ƙwallo, allura ta hau. Wani majo, wato shugaban ƙaramin gidan likita na ƙauye, ya kawo shi don ƙwallon yana yoyo. Malam Nomau ya turo mini. Na liƙe yoyon da facin tayar keke, cikin minti kaɗan ya kama iska. Har zan miƙa, sai na lura allurar ba ta komawa gidanta in an saki iska, tana tsayawa can sama kaɗan. Na nuna wa Malam Nomau. Ya ce wa majo ya koma ya gwada shi tare da wani abin awon mai lafiya kafin ya ƙara ɗaura wa kowa.

Bayan sati biyu majo ya dawo, ya zauna a kan bencinmu ya cire hula. Ya ce akwai wani dattijo manomin albasa da ya kusa shekara yana sayen ƙwayar hawan jini kowane wata, har yana jiri a gona, alhali jininsa bai kai inda za a ba shi magani ba. Allurar nan ce take ƙara masa. Tun ranar na gane cewa abin da ya mutu murus bai kai abin da ke aiki yana ƙarya ɓarna ba. Mataccen ana ajiye shi a nemi wani. Maƙaryacin kuwa kuɗin mutane yake ci, kowa yana gode masa.

Daga nan majojin ƙauyuka sunka san ni, sai anka soma kirana gyaran firigo na ajiye allurar rigakafi. Ku ba ku tarad da su ba. Da kananzir suke aiki, wuta a ƙasa, sanyi a ciki. Na tuna wani a wajen Urno da ya daina sanyi ana saura kwana uku a soma zagayen rigakafi. Na hau moto na je. Lagwanin ya yi baƙi, harshen wutar ja ne, alhali shuɗi ake so. Na datse lagwani da reza har ya daidaita, na zura tsumma a bututun hayaƙi na fidda kunkunniya, na ɗora kwano da ruwa a samansa na ga ya karkace, na sa masa ɗan guntun dutse a ƙafa. Duk da haka ya ƙi. Sai na sa anka taya ni munka kifa shi, kai ƙasa ƙafafu sama, na ce a bar shi haka sai gobe. Matar majo ta fito daga madafa ta riƙe haɓa.

Ta ce, “Yau ga mai gyara! An kira ka ka tada shi, kai kuma ka kashe shi.”

Na ce, “Uwargida, ruwan da ke cikin bututunsa ne ya kwanta, sai an motsa shi.”

Washegari da munka miƙar da shi munka kunna, kafin azahar bangonsa ya yi raɓa. Da hannunta ta dama mini fura.

Abin da nake so ku lura da shi a nan, duk kayan da na yi wannan aiki da su reza ce, da tsumma, da kwanon ruwa. Duk abin da ya mutu a firigon nan, a kasuwar Bangi ma ana iya samun madadinsa. Yanzu firigon rana ake da su, kuma sun fi, ban musa ba, ba hayaƙi ba kananzir. Amma in akwatin da ke tsakanin faifan rana da firigon ya ƙone, ba maƙerin da zai ƙera shi. Daga bayan teku yake tasowa, ya sauka a tashar jirgin ruwa ta wata ƙasa, ya hau kamiyon ɗaukar kaya, ya tsaya a duwan wurin biyan kuɗin fito, ya kwana a Yamai, sannan ya iso mana. Kowane hannu ya bi sai ya ɗora nasa.

Akwai injin ƙirga jini da anka kawo wani labo, wato ɗakin awon jini, da nake zuwa. Kyakkyawa ne, digon jini za ka ba shi, kafin ka sha shayi ya fito da takarda. Aikin da a da mai labo zai yi awa yana ƙirgawa da madubin likita. Sai dai ba ya shan ruwan awo sai na kamfanin da ya ƙera shi. Kowace kwalba da alamarta, in ka zuba na wani wuri ya ƙi tashi. Ruwan yana da ranar mutuwa, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba sai a zubar. Yana son ɗaki mai sanyi, ga kuran, wato lantarki, ba ya tsayawa, sai a tada janareta, janareta kuma gazuwal yake sha. Ran da ya tsaya na ɗauko turnabis, abin kwance kusa, zan buɗe, mai labo ya riƙe mini hannu ya ce an hana, in wani ya buɗe kamfani ya janye hannunsa. Sai da anka jira mutuminsu daga Yamai, da motarsa da kwanansa da cinsa. Ashe wata ƴar roba ce ta tsage. To duk wannan, a wuyan wa kuke tsammani yake sauka? A kan ƴar takardar nan da ake miƙa wa marar lafiya a ce ya je ya biya awon jini.

Ban ce ba masu haɗama ba. Na ga wanda ke rubuta awo huɗu inda ɗaya ya isa, na ga wanda ke rubuta magani mai tsada alhali ga mai araha da aikinsu ɗaya. Amma na fi ganin majon da ke wanke hannu da sabulun da ya saya da albashinsa. Ciwon mutane ma ya sake. Da, zazzaɓi ne ko rauni, a yi magani kwana biyar a warke ko Allah ya yi ikonsa. Yanzu ga hawan jini ga sukari har a ƙauye, ciwon da ba a gama biyansa sai ran da anka bar duniya.

Sannan akwai tsadar da ba a rubuta ta a kowace takarda. Injin eko, na duba cikin mata masu juna biyu, ya taɓa tsayawa a wani gidan likita wajen wata takwas saboda wani abu da bai fi ƙwallon dabino girma ba. Kyauta anka ba da injin, ba a ba da kayan gyaransa ba, littafinsa ma da harshen da ba wanda ya iya. Wata takwas ɗin nan duk matar da likita ya ce sai an duba, Tawa take tafiya. Kuɗin mota na mutum biyu, don ba ta tafiya ita ɗaya, ga abinci, ga wurin kwana, ga gona an bari ba noma. Kuɗin dubawar kansa shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Bayan kowane babban gidan likita akwai mangaza, ɗakin ajiya, cike da irin waɗannan injuna, sun kwanta an lulluɓe su. Ni a nan nake kasuwata. Ba na barin a zubar da ko ɗaya, don mataccen yau shi ne ke tada na gobe.

Shekarar da ta fi kowace tsanani ita ce wadda anka rufe iyakoki, kun san ta, kuna da wayo. Kaya sunka daina shigowa, kuran ya riƙa ɗaukewa yana dawowa da ƙarfi yana ƙona abubuwa, esansi, man mota, ya hau. Ni kaina wata uku na yi ban samu ko dalma mai kyau ba, sai in narke ta tsofaffin rediyoyi. Ana cikin damina, lokacin da ɗakin yara ke cika, sai wata safiya Madam Hadiza ta kira ni. Ita ce majon ɗakin yara a wani babban gidan likita na yankinmu, mun yi shekaru muna aiki tare, kuma ba ta kira sai abin ya kai.

Ta ce, “Malam Shitu, in kana da wani aiki ka aje shi.”

Na isa da hantsi. Abin da ya faru shi ne, suna da injin iska guda huɗu, irin wanda ke jan iskar ɗaki ya tace ta, ya ba marar lafiya tsantsar wadda huhu ke so. Uku sun kwanta. Ɗayan da ya rage an raba shi wa jarirai biyu. Da asuba kuma anka kawo wata yarinya, Rabi, ƴar shekara shida daga wani ƙauye a wajen Deule, ciwon huhu ya kama ta. Na gan ta kwance, haƙarƙarinta na shiga yana fita, leɓɓanta sun yi duhu. An ɗaura mata tukunyar iska ta ƙarfe, ita ce ta ƙarshe a gidan, wadda za ta zo bayanta kuwa ba wanda ya san ranar zuwanta. Madam Hadiza ta nuna mini allurar tukunyar.

Ta ce, “Wannan ba ta wuce la'asar. In ba ka tada mini ɗaya ba kafin nan, sai in sa ta a ambilans zuwa Tawa, da sauran iskar da za ta kai ta hanya. Ka gaya mini gaskiya da wuri.”

Uban yarinyar, Aliyo, yana tsugune a bakin ƙofa. Manomi ne, dogo, da rawani ya sha rana. Da yake Rabi ta wuce shekara biyar, ta fita cikin yaran da ake dubawa kyauta, kuma ya riga ya sai da awaki biyu ya sayi allurai da ruwan ƙari. Abin da ya rage masa sa guda ne, wanda ke ja masa amalanke yana kai taki da ruwa garkar albasa. Ranar kasuwa ce, ƙanensa yana can riƙe da igiyar san, yana jiran waya. In anka ce Tawa, man ambilans da zaman can, sai san ya tafi.

Na jawo injunan uku ƙarƙashin itacen bedi na shimfiɗa tabarma. Na kunna kowanne na saurara. Na farko shiru, sai warin ƙuna, kuran ya ƙone masa abin da ke tura iska. Na biyu fitilunsa ma ba sa kamawa, kuma ƙirarsa dabam ce. Na uku yana tashi lafiya, yana gurnani, iska na fita. Na ɗauko ma'aunina, ɗan abu kamar waya da na saya da kuɗin raguna biyu shekarun baya, wanda ke nuna ƙarfin iskar. Iskar da muke shaƙa ni da ku ashirin da ɗaya take nunawa. Injin mai lafiya sai ya haura casa'in. Wannan talatin ya nuna. A cikin kowane injin akwai tulu biyu dogaye cike da wani tsaki, shi ke tace iskar, kuma in danshin damina ya shige shi ya gama aiki. Na ukun nan tsakinsa ya jiƙe. Na farkon kuwa, da yake ƙuna ce ta kashe shi farat ɗaya, na sa ran tulunansa lafiya suke, kuma Allah ya sa ƙirarsu ɗaya.

Na kwance su biyun, na jera komai, don in mayar da tulunan na farkon cikin na ukun. Cire tulu ba wuya, amma da ka cire sai ka toshe bakinsa nan take kada ya sha danshi, ga hadari na haɗuwa a gabas. Na toshe da leda da zaren roba. Bututun injin na uku ya fi na injin farko gajarta, sai da na yanko daga injin na biyu na ƙara. Ana kiran azahar na ɗaure na kunna. Ya tashi. Aliyo ya miƙe tsaye, wata ma'aikaciya har ta kama hannun injin za ta tura ciki. Na ce a dakata. Na sa ma'auni, munka jira ya hau. Ya kai hamsin da wani abu ya tsaya.

Aliyo ya matso ya ce, “Maigida, ga shi shina kuka, iska na hita, na ji ta ga hannuna. Mi kake jira?”

Na ce, “Malam Aliyo, iskar da kake ji ba ita ɗiyarka ke bukata ba. In anka cire mata tukunya anka sa wannan, za a ga kamar ana ba ta, alhali ba a ba ta.”

Ya ce, “To in kira ƙanena shi saki san?”

Na dubi rana. Na ce ya ba ni zuwa inuwar bedin nan ta taɓa bakin rijiyar da ke gefenmu. In ta taɓa ban gama ba, ni da kaina zan ce masa ya kira. Ya koma ya tsuguna, wayar a hannunsa.

Tunda ya hau daga talatin zuwa hamsin, na san tulunan suna da rai, wani wuri ne ke yoyo. Na roƙi sabulu da kofin ruwa, na kaɗa kumfa, na bi kowace mahaɗa ina shafawa da gashin kaza, injin yana aiki. Mahaɗa goma sha ɗaya na bi ba komai. Madam Hadiza ta leƙo sau biyu, ban ɗaga kai ba. Sai a can ƙasa, bayan tulu na biyu, inda hannu ba ya shiga sosai, na ga kumfa na tashi ƙanana ƙanana. Bakin bututun ne ya tsage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Na yanke wurin, na tsoma bakin a ruwan zafi ya yi laushi, na tura shi har ƙarshe, na ɗaure da wayar birkin keke na murɗa da fensa, wato filaya. Na sake kunnawa na sa ma'auni. Sittin. Saba'in da biyar. Tamanin da takwas. Ya tsaya a casa'in da biyu. Na bar shi ya yi kwatan awa yana aiki don in ga ko zai sauka, bai sauka ba. Sannan na ce a tura.

Madam Hadiza da kanta ta sauya wa Rabi bututun hanci, ta maƙala mata abin awo a yatsa, ta tsaya tana kallo. Can ta juyo ta ce wa Aliyo, “Baba, ka ce wa ƙanenka ya koma gida da sa.” Ta rufe tukunyar ƙarfen da ɗan abin da ya rage a ciki, ta ce a ajiye saboda dare. Ni kuwa na koma ƙarƙashin bedi ina tattara kaya, don hadarin ya iso, kuma injin farko da na fasa ba a barinsa a buɗe. Kwana shida Rabi ta yi a kan injin nan. Madam Hadiza ce ta gaya mini a waya ranar da anka sallame ta. Injin kuwa har yau yana aiki, ina zuwa duk wata uku in wanke masa abin tace iska in auna shi.

To kun ji aikin. Ba ni ke rubuta magani ba, ba ni ke sa masa kuɗi ba, kuma tsadar da ke tasowa daga bayan teku ta fi ƙarfin turnabis ɗina. Abin da ke hannuna shi ne kada mutum ya tafi Tawa a kan abin da za a iya yi masa a nan. Sana'ar ta ciyar da ni, na yi gida, na aurar da ƴaƴa, ba ƙauyen da zan shiga tsakanin nan da Keita in rasa wanda zai ba ni ruwa. Alhamdu lillahi.

Bara, bayan an cire albasa, na je Buza gyaran wani firigo, na biya ta kasuwa zan yi wa gida tsaraba. Ina tafe cikin ƴan albasa sai na ji wata murya ta fi ta kowa, tana ratsa kukan jakai da na masu moto: “Albasa ta garka! Ku zo ku gani!” Na bi muryar. Yarinya ce tsaye a kan amalanke, buhuna a bayanta, wani jan sa a ɗaure yana tuƙa. A gefe ga Aliyo yana awo. Bai gane ni ba, ran nan ai ba fuskata yake kallo ba. Na taya kwano guda, na ce a rage mini. Kafin uban ya buɗe baki yarinyar ta ce, “Baba, albasarmu ba ta ragi, ka duba girmanta!” Tana faɗa har jijiyar wuyanta na tashi.

Na biya yadda ta ce. Har na kai inda na ajiye moto, can bakin kasuwa, ina jin ta.